Baƙo a Kasuwannin Gobir

Yau kasuwa za mu ci, kasuwannin gabashin jihar Sakkwato: Sabon Birni da Isa da garuruwan da ke kewaye da su har zuwa bakin iyakar Nijar. Shirin na baƙo ne: malamin makarantar da aka yi wa canjin wurin aiki, da ma'aikaciyar asibiti, da ɗan kasuwar da ya taso daga Kano ko Gusau, da wanda biki ko ta'aziyya ta kawo shi, ya ce ba zai koma gida hannu rabbana ba. Ku kuma 'yan gari kada ku murɗa akwatin, naku kason na nan tafe.

A wasu ƙasashe kasuwa ce farkon wurin da ake kai baƙo. A Bankok, babban birnin Tailan, akwai kasuwar Chatuchak mai dubban rumfuna, wadda ke cika Asabar da Lahadi, mutane na zuwa daga uwa duniya su ci abincinta su sayi tsaraba. Can akwai taswira da alluna da ke nuna wa baƙo layi-layi. Mu a nan babu allo, babu taswira, babu farashi a rubuce. Abin da ke riƙe da kasuwarmu amana ce: wa ya san ka, wa ya tsaya maka, wa zai yi maka shaida. Baƙon da ya gane haka ya huta, wanda kuwa ya shiga da idonsa kaɗai, sai dai mu yi masa addu'a.

Bari mu fara da sanin inda muke. Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir inda Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, kufansa na nan a ƙasar Sabon Birni. Birnin ya faɗi hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawan da ba su miƙa wuya ba suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga Tsibirin ne kuma Ɗan Halima ya rabu da 'yan uwansa ya zo ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ta kasance a ɓangaren masu jihadi na Sakkwato, sarkinta ma Sarkin Gobir ake ce masa. Da Turawan Ingila da na Faransa suka ja layinsu a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni ya faɗa Najeriya. Hukuma ta rabu biyu, dangi kuwa suna nan yadda suke. Shi ya sa za ka tarar mai sayar maka da kanwa mutumin Gidan Rumji ne, mai auna maka gero kuma surukinsa ne na wannan ɓangaren.

Abu na biyu shi ne ruwa. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri, ya dawo Najeriya ta wajen Sabon Birni. Daga kudu kuma gulaben Bunsuru da Gagare ke gangarowa ta wajen Shinkafi da Isa. Su ne ke cika Gulbin Rima, wanda aka datse a Goronyo. Wannan ya sa ƙasar ke da noma iri biyu. Tudu na ba da gero da dawa da wake da gyaɗa, fadama na ba da shinkafa da albasa da tattasai da rake da dankali, gulbi kuma na ba da kifi. Arewa na kawo kanwa da gishiri da dabino da cuku da raƙuma da tumaki. Kudu na kawo goro da manja da garin rogo da atamfa da kayan roba. Ranar kasuwa duk waɗannan ke haɗuwa wuri ɗaya.

Kowace kasuwa da ranarta, 'yan kasuwa kuma zagaye suke yi. Shinkafi Alhamis take ci, Goronyo da Illela Lahadi, babbar kasuwar Maraɗi Litinin da Juma'a. Kayan da aka saro yau a wannan gari, jibi a wancan za ka gan su da ɗan ƙari a kai. Don haka kafin ka ɗaura niyya, tambayi mai masaukinka wace kasuwa ce ke ci, kuma me ta fi shahara da shi. Ka lura da lokacin shekara ma. Da kaka hatsi na araha, rumbuna cike. Da bazara albasa da kayan lambu ke malala. Tsakiyar damina kuwa, kafin sabon gero ya nuna, tiya na tsada, manomi da kansa ya koma mai saye. Idan babbar Sallah ta gabato, kada ka je kara, wato kasuwar dabbobi, da tunanin farashin watanni uku da suka wuce.

Na ambaci mai masauki, kuma a kansa zancen ya rataya. Tun zamanin fatake, baƙon ɗan kasuwa ba ya sauka ko'ina sai gidan fatoma, wanda zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Har gobe haka abin yake, ko da sunan ya canza. Abokin aikinka ne, ko ɗan gidan da ka sauka, ko direban da ya saba da hanyar, ka nemi ɗan gari ya raka ka zuwan farko. Shi zai nuna maka inda 'yan hatsi suke, da layin 'yan koli, da rumfar maƙera, da mahauta, waɗanda a ƙasar Sakkwato ake kira rundawa, da kara can gefe inda ƙura ke tashi. Shi zai gaya maka rumfar sarkin kasuwa, inda ake kai ƙara da cigiya. Da zarar an gan ka tare da shi, farashi ya sauka tun ba ka buɗe baki ba.

Idan kai Bayarabe ne, ka shirya. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasan taubasai, da an ji harshenka za a fara tsokana. Kada ka ɓata rai, ka rama daidai gwargwado. Sau da yawa wannan barkwancin ne ke jawo maka gyara mai tsoka.

To, mu je ga abinci, domin ciki da yunwa ba ya ciniki. A ƙasar Gobir fura ce uwar abincin rana. Je ka gindin bishiyar da matan Fulani ke zama da ƙorensu. Ka yi sallama, ka ce, "Inna, a dama mini." Za ta ɗauko curin fura, ta gero ce da aka kirɓa da citta da kanumfari da barkono, ta marmashe shi cikin ƙwarya, ta zuba nono, ta bi shi da bayan ludayi har gudaji su mutu. Kafin ta zuba, ka dubi nonon. Na kirki na da kauri da ƙamshin man shanu. Da rani, lokacin da shanu ba su da abinci, wasu kan tsinka shi da ruwa su ƙara garin ƙwallon kuka don ya yi kauri, za ka ji tsaminsa ya bambanta, launinsa ya ɗan dusashe. Babban abin lura shi ne ruwan da za a dama da shi. Ba mu manta da annobar amai da gudawa ta 2021 ba, wadda ta ratsa jihohin arewa har da Sakkwato. Ka riƙo ruwan da ka amince da shi ka miƙa mata. Ba raini ba ne, ita ma ta saba.

Bayan fura akwai hoce, na garin dawa da ake gasawa, a ci da garin ƙuli-ƙuli da ɗan mai. Akwai masa da ƙosai, akwai ɗanwake, akwai dambu da kwaɗon zogale, akwai tuwon gero da miyar kuka ko ta yakuwa wadda ta ji daddawa. Wajen rundawa akwai tsire da balangu. Ƙa'ida ɗaya ce: ka ci abin da aka sauke daga wuta a gabanka, a wurin da ka ga 'yan gari sun yi layi. Naman da ya sha rana tun hantsi, a mayar maka da shi kan wuta ko ka haƙura.

Kifi busasshe da wake da fara suna buƙatar hanci. Wasu marasa tsoron Allah kan fesa musu maganin ƙwari don kada su lalace. Ka ɗauka ka sansana. Idan ka ji warin fiya-fiya, ka ajiye ka wuce. Idan ka ga ƙuda na sauka kan kifin maƙwabci amma sun ƙaurace wa wannan, ka tambayi kanka dalili. Mai wake na gari zai gaya maka a buhun nan mai leda biyu a ciki ya adana shi, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar toshe iska, ba sai an sa guba ba. Kayan gwangwani da magunguna kuwa, ka duba ranar ƙarewar aikinsu. Magani dai, asibiti ko kemis mai rajista, ba faifan da ke shan rana a tsakiyar kasuwa ba.

Masu sauraro, bari mu ɗan sha iska, in mun dawo mu shiga maganar kuɗi da ciniki.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Madalla, barkanmu da dawowa. Kasuwar kan iyaka kuɗi biyu take ci da su, naira da sefa, lissafinsu kuma ya bambanta. Mutumin Nijar da dala yake ƙidaya, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, in ya ce dala ɗari, 500 ke nan, jaka guda kuma 1,000. A wajen dattawanmu na Najeriya jaka naira 200 ce. Ka ga ke nan mutum biyu na iya shan hannu a kan jaka goma alhali kowa da abin da ke ransa. Kafin ka ce ka saya, ka tambaya: naira ko sefa? In za ka yi canji, ka ji farashi a bakin 'yan canji biyu ko uku, domin sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, naira kuwa hawa da sauka take yi. Ka riƙe tsabar kuɗi daidai buƙata, ƙananan takardu. Masu POS na nan, amma layin waya ba shi da tabbas. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya san abin da nake faɗi.

Ciniki kuma yana da ladabinsa. Ga ka gaban wani dattijo mai tabarmin kaba. Ba za ka nuna da yatsa ka ce nawa ba. Ka yi sallama, ka durƙusa, ka ce, "Baba, ina wuni, ya kasuwa?" Zai ce, "Lahiya lau, mi kaka biɗa?" Ka warware tabarmar, ka ɗaga ta sama ka ga ko rana na ratsa saƙar, ka duba bakinta ko an naɗe shi da kyau, domin daga baki tabarma ke fara mutuwa. Sannan ka ce a sa suna. Ya faɗi nasa, ka taya. Ya ce, "Albarka." Wannan ba kora ba ce, yana gaya maka ka ƙara. Ka ɗan ƙara, ya ɗan rage. Idan kun kusa, zai yi shiru ya dubi tabarmar, ya ce, "Kawo kuɗi, na sallama." Daga nan magana ta ƙare. Wanda aka sallama wa kaya a kan tayinsa sannan ya juya baya, ya zubar da girmansa da na wanda ya rako shi. Haka kuma in ka tarar wani na cikin ciniki, kada ka sa baki sai sun rabu, addini ma ya hana yin ciniki a kan cinikin ɗan uwa. Kuma kada ka kushe kaya don a rage maka. Saƙar tabarma kwanaki take ci.

Wajen 'yan hatsi, awo ne abin kallo. Da tiya ake auna gero da dawa da wake, buhu kuma akan ƙiyasta shi tiya 40. Amma ba kowace tiya ce tiya ba. Akwai wadda aka bubbuge gindinta ya shige ciki, akwai wadda aka rage wa baki. Ka dubi kwanon kafin a fara, ka ga an cika shi ya yi tozo. In buhu za ka saya, ka sa hannu har ƙasa, ko a zazzage a gabanka, saboda masu algus kan sa mai kyau a sama, tsakuwa da ƙaiƙayi a ƙasa. Sura guda aka saukar a Alƙur'ani a kan masu tauye mudu, yawancin 'yan kasuwarmu kuma suna tsoron wannan. 'Yan kaɗan ne ke ɓata wa saura suna.

Yanzu mu leƙa kara. Wannan ƙasa ita ce gidan jar akuya, wadda Najeriya ke danganta ta da Sakkwato, Nijar kuma da Maraɗi, inda har cibiyar kiwonta aka kafa. Akuya ce mai yawan haifar tagwaye, fatarta kuma ba ta da na biyu. Ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a gaɓar arewacin Afirka suka riƙa kiranta fatar Maroko. In za ka saya, ka buɗe bakinta: manyan haƙora biyu a gaba alamar ta haura shekara ce. Ka duba ido da hanci da ƙarƙashin wutsiya, ka sa a ja ta ta yi tafiya. A kara ba a ciniki sai da dillali, la'adarsa kuma sananniya ce, ka ji ta tun farko. Amfanin dillali ya wuce daidaita farashi. Shi ne shaidarka cewa ya san mai dabbar, ya san ba ta sata ba ce.

A nan nake so ku ƙara kasa kunne. Idan wani ya ja ka gefe ya nuna maka saniya ko rago a rabin kuɗi, ba dillali, ba shaida, ka gudu. Araha ba ta ado, wannan kuwa ta wuce rashin ado. Dabbobin da 'yan bindiga ke korowa daga ƙauyuka, da kuɗinsu ake sayen harsashi. Wanda ya saya ya sa hannu a jinin maƙwabcinsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Ba za mu ɓoye wa baƙo halin da ake ciki ba. Tun wajen 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. A Satumbar 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da waɗannan biyu, aka kuma katse layukan waya. A watan Oktoba na shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo, mutane fiye da 40 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Saboda haka tafiya sai da tambaya. Ka ji labarin hanya a tasha a safiyar ranar, ba labarin jiya ba. Ka fita da hantsi tare da ayarin motoci, ka gama cinikinka ka kama hanya rana na sama. Kada ka riƙa shelar ranar tafiyarka ko abin da ka riƙo. In 'yan gari suka ce yau ba a bin hanya, ka zauna, kasuwa ba ta ƙarewa.

Mai niyyar ƙetarawa Nijar kuma ya san iyaka na buɗewa tana rufewa. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, saboda fasa-ƙwaurin kaya irin shinkafar waje, wadda galibinta daga Tailan da Indiya take zuwa ta tashar Kwatano. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Ka riƙe katin shaidarka, ka bi ta hanyar hukuma, kada ka karɓi saƙon da ba ka san abin da ke cikinsa ba.

To me za ka kai gida? Ka sayi abin da ƙasar ke yi da hannunta: tabarma da faifai, ƙwarya da ludayi, takalmi da jakar dukawa, wuƙa da fartanyar maƙera. Ga cuku da dabino da kilishi, ga daddawa da ƙuli-ƙuli da man shanu, ga goriba da aduwa da magarya na yara. Albasar rani, in ka zaɓi mai busasshen wuya ka shanya ta inda iska ke ratsawa, za ta yi maka watanni. Kayan roba da na waya kuwa ko'ina akwai su. Kuɗin da ka ba mai saƙa ko mai daddawa a nan yake kwana, wataƙila ma a hannun matar da aka kora daga ƙauyensu, wadda wannan sana'ar ce ke ciyar da marayunta. Irin wannan in ta faɗi kuɗi, kada ka matse ta har ta sallama don dole.

Ku kuma 'yan gari, ga naku. Baƙon da ya yi ƙarfin hali ya zo kasuwarmu a wannan zamani, ya cancanci a riƙe shi hannu biyu. In ka ninka masa kuɗi don ka ji harshensa daban, ka ci ribar yini ɗaya, shi kuma zai kai labari Kano da Gusau. In ka cika masa mudu ka ƙara da gyara, zai dawo, ya zo da wani. Masu abinci a rufe shi, a wanke hannu da sabulu, a kula da ruwa. Dillalai da shugabannin kara, kada ku shaidi dabbar da ba ku san asalinta ba, kome la'adar da za a ba ku. Hanya da jami'an tsaro aikin hukuma ne, kuma muna kira gare ta da ta sauke wannan nauyi. Mudu da gaskiyar baki kuwa a hannunmu suke.

A nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare matafiya, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya, ya zaunar da ƙasar Gobir da Najeriya da Nijar baki ɗaya.